Yaron da Ya Toshe Kunnuwansa

Karatu: Markus 7:31-37, 2 Sama'ila 9

Zan fara da laifina, gama bai dace mai wa'azi ya aika jama'a rafi wanki alhali tasa rigar ba ta ga ruwa ba.

A wata ikkilisiya da na yi hidima akwai wata mata da takan zauna a bencin baya tare da ɗanta, yaro mai kimanin shekara 7, kyakkyawa, lafiyayye a ido. Ba ya magana. In ka gaishe shi ba ya duban fuskarka, in ka kira sunansa sai ka ce da bango kake. Amma da zarar an ta da janareta, mawaƙa sun ɗauki makirufo, ganga da jita sun haɗu a cikin lasifika, sai ya sa tafin hannuwansa ya toshe kunnuwansa, ya soma kaɗa jikinsa gaba da baya. In abin ya daɗe sai ya fashe da ihu. Wata Lahadi ya yi ta ihu har bayan an gama waƙa, ina tsaye a bagade na rasa inda na tsaya a takardata. Na yi wa ɗaya daga cikin dattawa alama da hannu. Dattijon ya je ya raɗa wa uwar magana, ta ɗauki jakarta da Littafinta, ta ja yaron suka fita. Ni kuwa na ci gaba. Kada ka tambaye ni kan abin da nake wa'azi a ranar, kunya ba za ta bar ni in faɗa ba.

Ba ta dawo ba. Sai da aka yi wata 3 kafin in taka zuwa gidanta, wannan ma matata ce ta matsa mini. A can na ji abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Dangin mijinta sun ce ɗan ruwa ne. Maƙwabta sun ce uban ne ya ba da hankalin yaron don neman dukiya. Wasu sun ce ita ce ta taka wani abu sa'ad da take da cikinsa. Ta kai shi gidajen addu'a, an sa ta azumi, an sa yaron ma, an shafa masa mai, an karɓi kuɗinta. Ni kaina sau biyu na ɗora masa hannu ina tsawata wa abin da ban tabbatar yana nan ba. Da na soma ba ta haƙuri sai ta ce, "Baba Pasto, ba fushi na yi ba. Na gaji ne da ba mutane haƙuri a kan ɗana." Sa'an nan ta gaya mini ta sa shi a wata makaranta ta yara masu bukata ta musamman, ta ce in ina so in je in gani.

Tambayar da na ɗauko daga gidan nan ita ce nake so mu yi tunani a kanta tare. Mene ne taimako ga mutumin da ba ka da ikon mai da shi kamarka? In ka yi addu'a bai warke ba, ka kai shi asibiti an ce ba a da maganin da zai kawar da abin, me ya rage a hannunka? Da yawa cikinmu, in za mu faɗi gaskiya, amsarmu ita ce ba abin da ya rage sai tausayi da kawar da kai.

Abin da ke tare da yaron nan yana da suna. Likitoci suna kiransa otizim. A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, kalmar da ni ba na so, domin a bakin mutanenmu ta fi kusa da zagi. Wani likita mai suna Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, shi ne ya rubuta bayanin yara 11 masu irin wannan hali a shekarar 1943. Ba ciwo ne da ake ɗauka daga wani ba. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun da wuri, gado kuma yana da babban hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, saboda haka in makarantar Lahadinku ta cika, da wuya a ce ba ko ɗaya a ciki. Ba su zama ɗaya ba: wani yana magana sarai har ya gama jami'a, wani ba zai furta kalma ba muddin ransa. Ka kuma sani ɗora wa uwa laifi ba a ƙauyenmu kaɗai aka yi shi ba. A Amurka ma an yi shekaru masana suna cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo shi, sai daga baya bincike ya rushe zancen. Mu da jita-jita muka zalunci iyaye mata, su da takardar digiri. Haka nan zancen cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi: rahoton da ya ta da wannan ƙura a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma hana likitan aikin likita. Kada ka hana ɗanka rigakafi saboda wannan.

Na je makarantar wata Talata da safe. Aka kai ni wani ɗaki da ba allo, ba kujeru a jere. Akwai tabarma, da lilo rataye, da kwano cike da busasshen wake, da yumɓu, da 'yan maƙalan shanya, da hotuna manne a bango. Wadda na tarar a ciki matashiya ce, ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba. Ba malamar aji ba ce, ba kuwa nas ba. Sana'arta ita ce jiyya ta hanyar aiki, 'yar'uwar aikin masu gashin ƙashi, amma hanyarsu dabam. "Aiki" a bakinsu ba na albashi ba ne. Duk abin da ke cika ranar mutum shi ne aikinsa, aikin yaro kuwa shi ne ya ci abinci, ya sa tufafi, ya kewaya, ya yi wasa, ya zauna a aji, ya riƙe fensir. An kafa ƙungiyarsu ta farko a 1917 a wani ƙaramin gari mai suna Clifton Springs a jihar New York. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai George Barton, mai zanen gine-gine, wanda shi kansa ya sha tarin fuka, an kuma yanke masa wani sashi na ƙafa, ya ga yadda aikin katako da na lambu suka maido masa da ƙarfi. A Nijeriya ana horar da su a Oshodi da ke Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, amma sun yi ƙaranci ƙwarai, musamman a nan Arewa.

Na tarar tana koya wa yaron ɓalla maɓalli. Ba da rigarsa ta makaranta ta fara ba, da wata tsohuwar kwat mai manyan maɓallai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne daga ƙarshe ta fara. Ita ce ta kama maɓallin, ta buɗe ramin, ta tura shi har saura kaɗan ya fito, sa'an nan ta bar masa wannan kaɗan ɗin ya ja. Ya ja, maɓalli ya zauna, ta tafa masa a hankali. Na ce, "'Yata, me ya sa ba daga farko ba, yadda ake koyon kowane abu?" Ta ce, "Baba, domin ya ɗanɗani gamawa. Yaron da kullum yake farawa ba ya gamawa, wata rana zai daina farawa." In ya ƙware a matakin ƙarshe sai ta bar masa na biyun ƙarshe, haka haka, tana janye hannunta kaɗan kaɗan har ya zama ba ta taɓa rigar. Ta ce abin da mu muke gani aiki ɗaya ne, a wurinta matakai ne da yawa, kowanne da abin da yake nema daga yatsu da ido da haƙuri. Tsintar wake da matsa maƙalan shanya da murza yumɓu duk don yatsun nan ne. Cokalinsa ma ta naɗe masa mariƙin da roba domin ya yi kauri ya cika masa hannu.

Ta bayyana mini wani abu kuma da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi a makarantar tauhidi. Ban da ji da gani da taɓawa da ɗanɗano da sansana, jiki yana da wasu hanyoyin sanin kansa: akwai wadda ke can cikin kunne da ke gaya maka ko a tsaye kake ko ka karkata, akwai wadda ke cikin gaɓoɓi da jijiyoyi da ke gaya maka inda hannunka yake ko da idonka a rufe. A wurin yawancin yaran nan saƙonnin ba sa isowa daidai gwargwado. Wani yana zuwa da ƙarfi fiye da kima, wani da ƙyar ake jinsa. Ƙarar da ka saba da ita har ba ka lura, a kunnensa tana iya zama kamar ana buga ƙarfe a cikin kansa. 'Yar takardar da ke wuyan riga tana iya zame masa ƙaya yini guda. Shi ya sa takan sa shi ya ɗauki 'yar jarkar ruwa ya kai ƙarshen baranda, ko ya hau lilo na ɗan lokaci, kafin ya shiga aji, gama ta lura hakan yana kwantar masa da jiki. Ba ta ɓoye mini ba cewa masana suna jayayya a kan wasu daga cikin hanyoyin nan, kuma abin da ya yi wa wannan yaro ba lalle ya yi wa wancan ba. Hotunan bango kuwa jerin ayyukan yini ne: buta, kwano, littafi, ƙwallo, gida. Yaro in ya ga abin da ke tafe, tsoronsa yakan ragu. Ka tuna ranar da aka taɓa sauke ka a tashar garin da ba ka jin harshensu, kowa yana ja ka yana nuna maka hanya dabam. Wasu yaran a wannan tasha suke kwana suke tashi.

Sai na ba ta labarin Lahadin nan. Ta saurara, sa'an nan ta yi mini tambaya biyu. "Me yake faruwa kafin ya fara ihun? A ina kuma suke zama?" Na buɗe baki zan amsa, sai maganar ta tsaya mini. Uwar, don kunya, bencin baya ta zaɓa, domin kada su dami kowa. Babbar lasifikarmu ta baya kuwa a bisa wannan benci muka rataye ta. Shekara da shekaru yaron nan yana gaya mana abin da ke damunsa, da hannu biyu a kan kunnuwansa, a gaban jama'a duka. Mu muka kasa karantawa, muka ce shi ne ba ya magana.

Ka lura da bambancin tambayarta da tamu. Mu muna tambayar wane ne ya jawo. Wannan tsohuwar tambaya ce, ita almajirai suka yi a Yohanna sura 9 sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka ba Ubangiji zaɓi tsakanin zunubin mutumin da na iyayensa, shi kuwa ya ƙi duka biyun. Tambaya ce mai daɗi ga mai yinta, domin da zarar ka sami mai laifi ka huta, nauyin ya koma kansa. Tambayar matashiyar nan ba ta barin mai yinta ya huta: me yaron nan yake bukatar yi, me kuma ya tsaya tsakaninsa da yinsa? Wani lokaci abin da ya tsaya yana cikin yatsunsa, sai a horar da yatsun. Wani lokaci yana cikin cokalin, sai a gyara cokalin. Wani lokaci kuma a bangon majami'a yake rataye.

Yanzu ka buɗe Markus 7 ka karanta a hankali. Ban ce mutumin Dikafolis otizim gare shi ba. Kurma ne mai nauyin baki, haka aka gaya mana, kada mu ƙara. Abin da nake so ka duba shi ne yadda Yesu ya bi da shi. Jama'a suka kawo shi, suka kuma zo da tasu dabara a shirye: a ɗora masa hannu, nan take, a gabansu. Yesu bai bi tasu ba. Ya fara raba shi da taron. Ka sa kanka a matsayin kurma a tsakiyar cincirindo: bakuna suna motsi, hannaye suna turawa, ba wanda ya gaya maka dalilin da ya sa aka jawo ka nan. Abu na fari da Ubangiji ya ba shi shi ne wurin da zai iya natsuwa. Sa'an nan ya taɓa kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Wanda ya umarci iska da teku da baki bai bukaci ko ɗaya daga cikin waɗannan don ya warkar ba. Mutumin ne ya bukace su. Ba ya jin magana, sai aka yi masa magana da abin da yake ji: nan ne damuwarka, da nan, taimako kuwa daga can zai zo. Bayan haka Markus ya ce Yesu ya yi ajiyar zuciya. Sai a ƙarshe kalmar iko ta fito.

Mu masu wa'azi mukan yi tsalle zuwa aya ta 35, inda kunnuwa suka buɗe, harshe ya saku, gama nan ne ake tafi. Amma aya ta 35 tana hannun Ubangiji, yakan yi ta sa'ad da ya ga dama. Aya ta 33 kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Ba sai kana da baiwar warkarwa ba kafin ka janye mutum daga abin da ke firgita shi, ka koyi harshen da yake ganewa, ka ba shi lokacinka shi kaɗai. Abin da na gani a ɗakin nan mai lilo aya ta 33 ce, ana yin ta kowace safiya. Ban ma tambayi matashiyar addininta ba.

Na san abin da wani zai ce, gama an faɗa mini a fuska: "Pasto, ashe ka rage wa Allah iko? Ka bar addu'a ka koma wa maɓalli?" Ban bar addu'a ba. Har yau ina roƙo Ubangiji ya buɗe bakin yaron nan, na kuma gaskata yana da iko. Amma Littafin da ya koya mini roƙo shi ne ya nuna mini Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙaya, aka bar masa ita. Shi ne ya nuna mini Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa, Allah bai sauya masa harshe ba, ya haɗa shi da Haruna. Wannan ma amsa ce, kuma da ita aka fito da Isra'ila daga Masar. Game da aljannu kuwa, ban musa akwai su ba. Sai dai ka duba Matiyu 4:24, inda aka lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu: masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. In mai bishara ya iya bambantawa, mu ba mu da hujjar zuba kowane abin da ba mu gane ba a buhu ɗaya. Ina kuma faɗa da dukan nauyin aikina: wanda ya ɗaure yaro, ko ya doke shi, ko ya hana shi abinci da sunan fitar da aljan, zunubi ya yi. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaura wannan hani a kan tsoron Allah, domin Allah ne mai ji a madadin wanda ba zai iya kai ƙara ba.

Akwai abin da ya fi wannan wuyar haɗiyewa. Sa'ad da muke roƙo yaro irin wannan ya warke, me muke nema a gaskiya? Na lura yaron yakan kaɗa hannuwansa kamar fikafikai in ya ji daɗi, matashiyar kuwa ba ta hana shi. Amma yakan ciji bayan hannunsa in ya ƙosa, a kan wannan take aiki sosai, tana koya masa ya miƙa mata wani hoto da ke nufin yana so ya huta. Da na tambaya ta ce, "Cizon yana cutar da shi, Baba. Kaɗa hannun kuwa mu ne kawai yake ba kunya." Na koma gida ina auna addu'o'in da na yi masa da wannan ma'auni, na tarar yawancinsu don jin daɗina ne: ya yi shiru, ya zauna kamar sauran, ya daina ɓata mini wa'azi. Ƙauna tana yaƙi da abin da ke cutar da mutum. Abin da ke ba mu kunya kawai, sau da yawa mu ne ya kamata mu warke daga gare shi.

Kada ka ɗauki wannan ka je ka ce wa uwa ɗanta baiwa ce ta musamman, ta yi murna. Ba kai ne kake farke da ƙarfe 2 na dare ba. Ba kai ne zuciyarka ke tsinkewa duk sa'ad da aka bar ƙofar gida a buɗe ba, gama yaron bai san haɗarin mota ba. Ba kai aka daina gayyata biki ba. Wahalar gaskiya ce, ta raba aure da yawa. Mai daɗin baki da ya tafi ya bar ta da kayanta bai fi mai zargi amfani sosai ba.

Da na kawo maganar taimaka mata da kuɗin makaranta a taron dattawa, wani dattijo, mutumin kirki da ya riƙe baitulmalinmu da aminci, ya ce, "Kuɗin yaron nan ɗaya zai biya wa marayu 3. Su za su girma su riƙe kansu, su riƙe wasu. Shi fa?" Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, lissafi ne, kuma aljihun ikkilisiya yana da iyaka. Na so in amsa masa da labarin Temple Grandin, Ba'amurkiyar nan mai otizim da ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3, ta zama farfesa a ilimin dabbobi, har mahauta da yawa a ƙasarsu suna aiki da tsarin da ta zana. Amma na kame bakina, domin in na amsa da wannan na yarda da ma'auninsa ke nan, cewa darajar yaro tana cikin abin da zai mayar. Yawancin yaran nan ba za su zama farfesa ba. In darajarsu a nan take, to, ba su da ita. Ni da kai ma ranar da tsufa ya karɓe mana ƙarfi za mu rasa tamu.

Sai na karanta musu 2 Sama'ila 9. Mefiboshet ɗan Yonatan yana da shekara 5 sa'ad da mai renonsa ta ɗauke shi a guje ya fāɗi ya gurgunce. Dawuda ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar. Ba abin da zai ƙara wa sarautar, jikan Saul ne ma, wanda wani sarki zai so ya kawar. Aka mayar masa da gonakin kakansa, aka sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su yi masa noma, aka ba shi wuri a teburin sarki kullum. Surar ta rufe da tuna mana cewa har yanzu gurgu ne, ƙafa biyu. Ba a warkar da shi ba, an shirya gida ne domin ya zauna a ciki, saboda alkawarin da ke tsakanin Dawuda da mahaifinsa. Mu ma ba da amfaninmu muka sami wuri a teburin Ubangiji ba. Iyayenmu a bangaskiya sun san wannan. A 1953 mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, a zamanin da kusan kowa ya ɗauka rabon makaho bara ne. Ba na ce na rufe bakin dattijon nan ba, marayun nan 3 suna nan, su ma hakkinmu ne. Abin da muka iya shi ne ikkilisiya ta ɗauki rabi, zumuntar mata kuwa, ba tare da an roƙe su ba, suka ɗauki sauran.

Gyaran majami'a ya fi tara kuɗin wuya. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta kuma bukaci a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Doka tana iya sa ka gina gangara a bakin ƙofa, amma ba dokar da za ta sa matasa su rage ƙarar jita. Da muka cire lasifikar baya, muka ce a sassauta sauran, shugaban mawaƙa ya yi fushi har ya yi Lahadi biyu bai hau ba. Ya ce ana kashe ruhun sujada saboda mutum ɗaya. Na tuna masa da mutum 4 ɗin nan na Kafarnahum da suka buɗe rufin gida saboda mutum ɗaya. Markus bai gaya mana wanda ya gyara rufin ba, amma lalle wani ya yi asara a ranar. Muka ba uwar benci kusa da ƙofar gefe, domin yaron ya fita baranda ya dawo ba tare da an juyo ana kallonsu ba. Wani ɗan'uwa ya kawo irin abin rufe kunnen da ma'aikatan masana'anta ke sawa. Malamar makarantar Lahadi ta zana masa jerin sujada a kati: waƙa, addu'a, baiko, wa'azi, albarka. Bayan 'yan makonni tsofaffi biyu suka zo suka yi mini godiya, sun ce sun daɗe ba su ji kalmomin waƙa ba sai yanzu.

Yaron bai fara magana ba. Har yanzu wata Lahadi yakan yi ihu, ni kuwa na koyi in dakata, in sha ruwa, in ci gaba. Uwar ta taɓa yi mini wata tambaya a bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa: "Baba Pasto, ranar da ba ni, wa zai riƙe shi?" Matashiyar can tana amsa nata sashin tambayar kowace safiya, gama duk abin da yaron ya iya yi wa kansa ya rage abin da zai jira daga hannun wanda ba lalle ya ƙaunace shi ba. Sashin da ya rage namu ne, yana kuma cikin littafin taron dattawa, an ɗaga shi sau biyu, ba a yanke ba tukuna. In akwai irin wannan uwa a ikkilisiyarku, wataƙila ba ka san ta ba, domin ta daɗe da daina zuwa.

Wata Lahadi, wajen wata 8 bayan zuwana makarantar, ina tsaye a ƙofa ina gaisawa da jama'a, sai ga su. Yaron yana sanye da farar riga, ya ɓalla ta tun daga wuya har ƙasa, amma ya tsallake rami ɗaya, gefe guda ya fi ɗayan tsawo. Na ga hannun uwar ya tashi zai gyara, ya kai kusa da ƙirjinsa, sai ta mai da shi ta riƙe jakarta. Ta dube ni ta ce, "Shi ya sa da kansa." Yaron bai dube ni ba. Ya wuce ta gefena da katinsa a hannu, ya tafi kai tsaye bencinsu na kusa da ƙofa.